Kayen tansiyon Inna

Lahadi, 5 ga Janairu 2025

Na'urar ta iso Tahoua jiya da dare. Yayana ne ya aiko ta daga Abijan a hannun wani ɗan unguwarmu da ya dawo daga bida, an naɗe ta cikin tsohon zane tare da sabulai da kwalin shayi. Ta awon hawan jini ce, irin wadda ake ɗaura wa mutum a damtse, a danna maɓalli ta hura kanta da kanta. Pil huɗu take ci.

Dalilin aiko ta shi ne Inna. A watan Nuwamba ta je likitar unguwa saboda ciwon gwiwa, aka auna ta, aka ce tansiyonta sha shida da tara, aka rubuta mata magani. Ta sha har kwalin ya ƙare, daga nan ta ce ita ba ta jin komai a jikinta, ba kuma za ta mai da kanta 'yar ƙwaya da tsufanta ba. Na yi lallashi, matata ta yi, Yaya ya yi faɗa a waya har kuɗin wayarsa suka ƙare. Ko gezau.

Da safen nan na gwada mata. Ta fito ke nan daga wajen awaki, ta zauna a tabarma, ina ɗaura mata tana yi wa yara faɗa a kan ruwan da suka zubar. Na'urar ta nuna 171 a sama, 96 a ƙasa.

"Mi tac ce?"

Na karanta mata. Ta dube ni, ta dubi na'urar. "Ɗari da saba'in? Can likita sha shidda sunka ce mini. Ashe na mutu ban sani ba."

Ni ma sai da gabana ya faɗi kafin in tuna darasin da nake koya wa 'yan aji shida duk shekara. Malaman lafiyarmu na Nijar, bisa al'adar Faransa, da santimita suke faɗin tansiyo. Na'urar kuwa da milimita take rubutawa. Sha shida da tara shi ne 160 da 90. Sha biyu da takwas da kowa ke fatan ji shi ne 120 da 80. Inna ba ta hau da ɗari da hamsin ba, harshe biyu ne ake faɗin abu ɗaya da su. Sai dai na lura da wani abu: idan aka ce maka sha shida, ba ka sani ba ko 160 ne ko 168, an yanke wutsiyar. Saboda haka na yanke shawara in riƙa rubuta lambar na'urar cikakkiya.

Da la'asar na shiga kasuwa, yau Lahadi ba masaka tsinke, na sayo kaye da bik biyu. Na ja layuka: rana, lokaci, hannu, lambar sama, lambar ƙasa, bugun zuciya, da wani fili mai faɗi na abin da mutum yake yi kafin awo.

Laraba, 8 ga Janairu

Na kai na'urar wajen majo, wato babban ma'aikacin jinya na likitar unguwarmu, tsohon abokin karatuna ne. Ya auna ni da tasu ta hannu, mai famfon roba da abin saurare, ya samu 126 da 80. Tamu ta ba da 129 da 82. Ya ce wannan bambancin ba komai ba ne, ko na'ura ɗaya ce ba ta maimaita lamba ɗaya sau biyu a jere.

Da ya ga ina da naci sai ya sa mini abin sauraren a kunne, ya ɗaura wa wani ma'aikacinsu, ya hura har na daina jin komai. Ya fara sakin iskar a hankali. Can sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa daga nesa. Ya ce in dubi allurar, inda sautin ya fara nan ce lambar sama. Sautin ya yi ta raguwa har ya ɓace, inda ya ɓace nan ce lambar ƙasa. Ta sama ita ce ƙarfin da jini ke dukan bangon jijiya a lokacin da zuciya ta matse ta tura shi. Ta ƙasa ita ce matsin da ya rage a jijiyar tsakanin bugu da bugu, lokacin da zuciya ta saki tana cika. Wani likitan sojan Rasha mai suna Korotkof ne ya gano wannan sauraren a 1905, shekara tara bayan Riva-Rocci na Italiya ya fito da ɗamarar da ake hurawa a 1896. Na'urorin farko zaiba ce ke hawa a cikin bututun gilashi, shi ya sa har yau ake ƙirga tansiyo da milimitar zaiba ko da babu ɗigon zaiba a na'urar.

Ya juya bayan wata takardar magani ya rubuta mini matakan. Ƙasa da 120 da 80 shi ne mafi kyau ga babban mutum. Daga 120 zuwa 129 a sama, 80 zuwa 84 a ƙasa, lafiya lau ne. Daga 130 zuwa 139, ko 85 zuwa 89, an zo bakin iyaka. Daga 140 da 90 ne ake kiran sa hawan jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sai an same shi haka a ranaku biyu daban-daban. Mataki na biyu yana farawa daga 160 da 100, na uku daga 180 da 110. A ɗaya gefen, ƙasa da 90 da 60 shi ne tansiyo ya faɗi. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar "ko": ba sai lambobin biyu sun hau tare ba, ɗaya ta isa, kuma wadda ta fi muni ita ake bi.

Da na gaya masa yadda na auna Inna ranar Lahadi, dariya ya yi har da buga tebur. Ya ce wannan ba tansiyonta na auna ba, fushinta na auna. Mutum zai zauna a kujera mai jingina minti biyar shiru, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, ɗamara a kan fata ba a kan riga ba, ya riga ya yi fitsari, bai sha shayi ko kofi ko taba ba cikin rabin awa. Ba magana. Ya kuma ba ni ƙa'idar da suke kira ta uku-uku: awo uku da safe kafin karin kumallo da magani, uku da dare kafin kwanciya, kwana uku a jere, da tazarar minti ɗaya ko biyu tsakanin awo da awo. A haɗa goma sha takwas ɗin a raba. A gida iyakar 135 da 85 ce, ba 140 da 90 ba, domin mutum ya fi sakin jiki a ɗakinsa.

Talata, 14 ga Janairu

Mun gama zagayen farko na Inna daren jiya.

Abin da ya fi wuya ba na'urar ba ce, shirun minti biyar ne. Inna ba ta zama a kujera, kuma tunda nake ban taɓa ganin ta yi shiru na minti biyar ido biyu ba. Ranar farko sau uku muna sakewa: ta tambayi ko an ba kaji ruwa, ta ce ɗamarar tana cizon ta, ta kira jikarta. Matata ce ta kawo dabara, ta miƙa mata carbi a hannun hagu. Yanzu bayan sallar asuba tana zama a kujerar roba, hannun dama a kan matashi bisa ƙaramin tebur, tana jan carbinta a zuci, ni kuma ina duban agogo. Saboda sanyin hunturu sai mun zare hannun rigar sanyinta gaba ɗaya, don na gwada naɗe shi sama na ga yana shaƙe damtsen kamar igiya.

Ranar farko na auna hannuwan biyu. Na dama ya fi na hagu da 6, abin da bai kai a damu ba, sai na tsaya a kan na dama tunda shi ya fi.

Ga safiyar Asabar kamar yadda take a kaye: 164 da 88, sai 155 da 85, sai 150 da 83. Mutum ɗaya, kujera ɗaya, cikin minti biyar, lambar sama ta sauko da 14. Kusan kullum haka ne, awon farko shi ne mafi tsawo. Da a ce awo ɗaya nake yi in tashi, da Asabar na ce tana mataki na biyu, da Litinin da dare kuma, da ta ba da 139 da 78, na ce ta warke.

Matsakaicin goma sha takwas ɗin: 153 da 83. Ta sama ta wuce iyakar gida da 18, ta ƙasa ba ta kai iyaka ba. Inna ta kama wannan ta riƙe, wai ai rabinta lafiya lau. Majo ya ce a waya wannan shi ne irin na tsofaffi: jijiyoyi sun yi tauri da shekaru, ba sa buɗewa su karɓi turin zuciya, sai ta sama ta hau ta ƙasa ta zauna ko ma ta sauka. Hawan jini ne cikakke, kuma a shekarunta lambar sama ce aka fi tsoro wajen shanyewar ɓarin jiki.

Lahadi, 19 ga Janairu

Labari ya fita. Ban san wanda ya kai shi masallaci ba, amma bayan la'asar na tarar da dattawa biyar a ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gida, kowa ya naɗe hannun riga. Na buɗe sabon shafi a bayan kayen, na ba kowa lamba maimakon suna, don kada wani ya leƙa sirrin wani.

Kawuna ne na farko. Ya taso daga wajen mai shayi, ya sha na fari da na biyu, ga goro a kumatu. 147 da 92. Na roƙe shi ya dawo gobe da safe kafin ya sa komai a baki. Ya ce shi tun yana saurayi bai taɓa gaisawa da mutum da safe ba goro a bakinsa ba, amma zai gwada.

Gardama ta tashi da ɗan yayata da ke karatu a jami'a. Ya zaro waya ya nuna mana cewa a Amurka tun 2017 daga 130 da 80 ake kiran sa hawan jini, saboda haka, a cewarsa, duk wanda ke zaune a wurin majinyaci ne har da ni. Gaskiya ne ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka sun sauko da iyakar a wannan shekarar, Turai da Hukumar Lafiya ta Duniya kuma suka tsaya a 140 da 90. Wani dattijo ya ce to ashe ciwon ma sai da biza. Ni abin da na fahimta, haɗarin ba katanga ba ne da mutum zai ce yana ciki ko yana waje. Gangare ne, yana ƙaruwa sannu a hankali tun daga ƙasa da 130, kowace hukuma ta zaɓi inda za ta kafa turke. Mai 136 da 86 ba a ce ya fara shan ƙwaya ba, amma bai kamata ya tafi yana murna kamar mai 115 ba. A kayena na bi abin da likitocinmu ke aiki da shi, tunda wajensu za a kai takardar.

Litinin, 20 ga Janairu

Kawu ya zo da sassafe, fuska a murtuke, ba goro. Uku a jere: 138 da 87, 134 da 86, 133 da 85. Bakin iyaka. Yana tashi ya ɓare goronsa a gabana.

Lahadi, 26 ga Janairu

Yau na gane na'urar ba ta kowa ba ce. Mahaucin unguwarmu ya zo, mutum ne da ya yi kokawa da ƙuruciya, damtsensa kamar turmi. Da ƙyar ɗamarar ta zagayo, tana hurawa mannin yana ɓarewa yana ƙara. Ta ba da 158 da 97. Na duba jikin ɗamarar na ga an rubuta 22 zuwa 32 santimita. Na aika yaro wajen tela ya aro mini tef, muka auna damtsen: 38. Ƙaramar ɗamara a babban hannu ƙara lamba take yi, domin sai ta yi matsi fiye da kima kafin ta toshe jijiyar. Na soke awon da jan bik, na ce masa ya je likita inda suke da babba. Ya ce wato ni na'urata ta ramammu ce.

Na yi wa Yaya saƙon murya ya nemo mana babbar ɗamara, mai 32 zuwa 42.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Mutum biyu na auna yau da ba zan manta da su ba.

Na farko maƙwabcinmu ne mai shago, wanda shekara da shekaru yake cewa yana da hawan jini. Ƙeyarsa na ciwo, kansa na sarawa da yamma, har tafarnuwa yake haɗiya kullum da safe. Na auna shi sau uku: 119 da 76, 117 da 75, 118 da 76. Bai ji daɗi ba ko kaɗan. Ya ce na'urar ba ta san aikinta ba, shi ya san jikinsa. Na ce masa ciwon kansa gaskiya ne, amma ya kai shi a nemo dalilinsa a wani wurin, wataƙila ido, wataƙila barci, mutumin da ke rufe shago ƙarfe ɗaya na dare.

Na biyu direban babbar mota ne mai ɗaukar albasa daga Galmi, ɗan shekara arba'in da 'yan kai. Rakiya ma ya yi, ba awo ya kawo shi ba, abokinsa ne ya tura shi kujera ana wasa. 194 da 119. Na ɗauka kuskure ne. Na sa shi ya zauna minti goma a zaure shi kaɗai, na sake: 190 da 117. Na canza hannu: 188 da 116. Hannuna har rawa yake ina rubutawa, shi kuwa yana tambayar ko an gama ya tafi, gobe yana da lodi.

Na tambaye shi abubuwan da majo ya ce in riƙa tambaya idan lamba ta kai nan: ciwon ƙirji, ƙarancin numfashi, gani dishi-dishi, nauyin harshe, mutuwar hannu ko ƙafa, ciwon kai mai tsanani. Babu ko ɗaya. Da akwai ɗaya daga ciki, da ba zancen jira, sai babban asibiti nan take. Duk da haka na kira majo, ya ce kada a kwana, kuma kada wani ya ba shi ƙwayar wani don a sauko da shi da gaggawa, faɗuwar tansiyo farat ɗaya ita ma tana da nata haɗarin. Na goya shi a moto muka tafi. A hanya yana ce mini, "Malam, wallahi lahiyata lau, ko zazzaɓi ban yi ba bana."

Na yarda da shi, kuma abin da ya tsorata ni ke nan. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ta ce masu hawan jini a duniya sun ninka daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Na taɓa jin wannan a rediyo ya wuce ni kamar iska. Yau na goya ɗaya daga cikinsu a bayana.

An ɗora shi a kan magani, an rubuta masa awon jini da na fitsari don a duba ƙoda.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Inna ta yarda ta koma likita, da sharaɗin in riƙe kayen da kaina. A can suka auna ta 166 da 90. Majo ya buɗe shafinta ya bi lambobin da yatsa, ya ce da wannan zai yi aiki, ba da na yau ba, don akwai mutanen da ganin farar riga kaɗai ke ɗaga musu tansiyo. Akwai kuma akasinsu, waɗanda ke da kyau a likita amma a gida yana sama, su ne ma suka fi wuyar kamawa. Ya mayar da ita kan amlodipine, miligiram 5 sau ɗaya a rana, ya gargaɗe ta cewa ƙafa na iya ɗan kumbura, idan ta gani ta zo ta faɗa, kada ta daina da kanta. Ya ce mata, "Inna, wannan magani ba irin na zazzaɓi ba ne da ake sha a warke a ajiye. Ranar da kuka ga lamba ta yi kyau, maganin ne ke riƙe da ita."

Sai ya tambayi abin da take sha na gwiwa. Ta kwance bakin zane ta fito da wasu ƙwayoyi da take saye wajen mai tebur. Diclofenac ne. Kusan kullum take sha tun kaka, ni da nake gida ɗaya da ita ban sani ba. Irin waɗannan magungunan ciwon gaɓoɓi suna riƙe gishiri da ruwa a jiki, suna ɗaga tansiyo, suna kuma wahalar da ƙoda. Ya karɓe su ya rubuta mata paracetamol.

Maganar gishiri ce ta kawo rigima a gida. Abin da aka shawarta wa babban mutum bai kai giram 5 a yini ba, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma har da wanda ke ɓoye cikin abinci. Matata ta ce ita ba ta cika gishiri ba, kuma da gaskiyarta, ɗan kaɗan take barbaɗawa. Amma na tsaya a madafa ranar Asabar na ƙirga: dunƙule huɗu a tukunyar miya ɗaya, ga kanwa a miyar kuɓewa, ga yajin da ake barbaɗa wa ƙosai shi ma da dunƙule aka daka shi. Dunƙule yawancinsa gishiri ne, kanwa ma 'yar gidansu ce. Na faɗi haka, aka ce to in zo in karɓi muciya. Mun daidaita a kan dunƙule biyu, a ƙara daddawa da albasa da citta, a kuma ɗebe wa Inna nata kafin a ɗanɗana a ƙara.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Ƙanwata ta zo da kuka a ido. Ta sa an auna ta a wani wuri an ce tara da shida, wata ta ce mata jininta ya ƙare. Na zaunar da ita: 98 da 63, 97 da 62. Siririya ce, shekararta ashirin da huɗu, ba jiri, ba kasala, tana aikinta. Ga irinta wannan ba ciwo ba ne.

Amma na gane inda ruɗun yake, sunan ne. Mun ce hawan jini, sai mutane suka ɗauka jini ne ya yi yawa, faɗuwarsa kuma jini ne ya ƙare. Shi ya sa wani dattijo ya tambaye ni ko ƙaho zai rage masa. Ƙarancin jini daban ne, a ɗakin awo ake gane shi bayan an ɗebi jinin mutum, na'urata ba ta ganin sa sam. Mutum na iya kasancewa da ƙarancin jini da hawan jini a lokaci ɗaya. Na yi mata misali da tiyon ban ruwa a garka: yawan ruwan rijiya daban, ƙarfin da yake fita da shi idan ka matse bakin tiyo daban.

Ta zo da ƙawarta mai ciki wata bakwai, ita ma ta miƙo hannu. 143 da 93, bayan hutu 141 da 92, ga zoben hannunta ya nutse cikin yatsa. Wannan ban tsaya lissafin kwana uku ba. Ga mai ciki da ta wuce sati ashirin, 140 da 90 magana ce ta ranar, don yana iya zama farkon abin da ke kai mata ga jijjiga. Matata ta raka ta wajen awon ciki da yammar nan.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Laifina na wannan makon. Tun da Inna ta koma magani na bi na ishe ta da awo, safe, rana, la'asar, dare, wani lokaci sau takwas a yini. Idan na ga 150 sai in sake, in sake, har sai na samu wadda ta yi mini daɗi in rubuta ita. Shekaranjiya ta ture hannuna ta ce, "Kai wanga abu naka shi ka hau mini da jini." Da na duba shafin da idon malamin lissafi na ga abin kunya, na zama ɗalibin da ke goge amsar da ba ta yi masa ba. Majo ya ce in bar ta ta huta, magani na bukatar makonni kafin a yi masa hukunci, zagaye ɗaya na kwana uku kafin ranar komawa likita ya wadatar. Na ja layi a kan shafuka biyu.

Na canza pil. Mai shago ya dawo, an ba shi tabarau, ya ce kan ya yi sauƙi amma har yanzu bai yarda da na'urar ba.

Talata, 11 ga Maris

Mun shiga sati na biyu na azumi, zafi ya fara. Inna ta ce ba abin da zai hana ta azumi, majo ya ce ta mai da ƙwayarta lokacin buɗa baki, kullum a lokaci ɗaya, ta kuma sha ruwa sosai tsakanin magariba da sahur.

Zagaye na biyu mun yi shi daga Asabar zuwa Litinin, wata ɗaya da fara magani. Na safe bayan ta ɗan yi barcin bayan asuba, na dare bayan an dawo daga asham ta huta. Duk abin da na'urar ta nuna na rubuta, mai daɗi da marar daɗi. Matsakaici: 137 da 77, daga 153 da 83. Saura kaɗan ta shiga ƙasa da 135. Ita ta ce zoɓon buɗa baki ne ya yi aiki, ban yi gardama ba, na dai tabbatar kwalin maganin yana raguwa ɗaya-ɗaya.

Sabon abu shi ne jiri. Jiya da la'asar ta miƙe daga tabarma ta dafa bango. Na auna ta a kwance bayan ta huta, 132 da 76, sannan a tsaye bayan minti ɗaya, 118 da 71. Faɗuwar 14 ce a sama, 5 a ƙasa. Abin da ake ɗauka matsala shi ne 20 a sama ko 10 a ƙasa cikin minti uku da miƙewa, ba ta kai ba, amma na rubuta da jan bik don majo ya gani, ga azumi ga zafin da ke tafe a Afrilu. Na ce ta riƙa zama bakin gado kaɗan kafin ta tashi.

Shafin baya yanzu mutum ashirin da uku ne. Direban albasa ya aiko da hoton awonsa daga hanya, 152 da 96, yana shan magani. Ƙawar ƙanwata suna bin ta duk sati a wajen awon ciki. Kawu bai dawo ba. Babbar ɗamarar tana hannun wani da zai taso daga Abijan kafin sallah, mahauci kuma duk ranar da na bi ta rumfarsa sai ya ɗaga mini damtse ya tambaya ko ta iso. Ranar komawar Inna likita Litinin mai zuwa ce, 17 ga wata.